Ɗaya Cikin Sha Biyun da Suka Ce Ya Aikata

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Yana shafin farko na jaridar gunduma, da tsohon hotonsa cikin rigar kashe gobara. Trevor Maddern ya ɗaukaka ƙara. Za a saurara a Melbourne ƙarshen watan nan.

A tsaye na karanta, shayina na hucewa. Sun maimaita komai. Shi ne shugaban 'yan sa-kan kashe gobarar daji na Burrindale. Bara aka same shi da laifin yi wa wata mata fyaɗe a rumfar motocin kashe gobara, ita ma 'yar sa-kai ce a ƙarƙashinsa. Yana gidan yari. Ba su faɗi sunanta ba, doka ta hana. Ni ma ba zan rubuta shi ba.

Dalilin ɗaukaka ƙarar ne ya tsaya min a wuya. Lauyansa bai ce alƙali ya yi kuskure ba, bai ce an samo sabuwar shaida ba. Cewa ya yi mutum goma sha biyun da aka zaɓo daga cikin jama'a, suka saurari shari'ar, suka ce ya aikata, hukuncinsu ya saɓa wa hankali. Wai babu masu hankalin da za su ji abin da aka ji a kotun nan su yanke haka.

Ina cikin sha biyun.

Mijina Glenn ya shigo kicin yana neman makullin mota, ya leƙa jaridar ta kan kafaɗata.

"Kin gani, Kez?" Haka yake taƙaita sunana, Kerryn.

"Na gani."

"To?"

"To me?"

Ya ɗauki makullin ya fita. Ya ma manta abincin ranarsa a kan tebur.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Marasa hankali. Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 16 ga Oktoba, hutun cin abincin rana

Bari in sa wa kaina iyaka tun yanzu. Ranar da muka gama, alƙali ya gaya mana cewa abin da aka faɗa a ɗakin shawara, da wanda ya ce me, da yadda aka kaɗa, ba a fitar da shi. Ba wa miji, ba wa ɗan jarida, ba wa kowa, har abada. Laifi ne. Ban taɓa gaya wa Glenn ba, kuma ba zan rubuta a nan ba, don littafi ba shi da ƙafa amma mutane suna da hannu.

Cewa na zauna a shari'ar kuwa ba sirri ba ne. Kowa a garinmu Kellandra ya san na bar aikin kanta a shagon kayan gona na Con kusan mako biyu, kuma rabin Burrindale sun cika kotun suna kallon fuskokinmu. A lokacin ban san Trevor ba sai dai suna. Garinsu daban, namu daban, akwai tafiya. Na tambayi kaina wannan sau da yawa kafin in rantse, amsar ba ta canza ba.

Yau da safe Con ya tare ni a ƙofa da tsintsiya a hannu, ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, alƙaliya! An ce ba ki da hankali. Ni da na sani tun tuni, ba wanda ya tambaye ni."

"Ka share ƙofar taka, tsoho, kashin tsuntsu ya fi ka yawa."

Ya yi dariya har yana tari. Shi kaɗai ne ya yi min wasa da maganar, kuma na ji daɗi.

Sauran fa? Na shirya wa harara. Ban same ta ba. Murmushi ake min. Wani dattijo mai tumaki daga wajen Burrindale ya sayi maganin tsutsa, ya karɓi canjinsa, sai ya dafa hannuna ya ce, "Mun sani, 'yata. Mun san ba ke ba ce." Kafin in buɗe baki ya fita.

Ba ni ba ce me?

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan abincin yamma

Glenn ya warware min. Ya dawo daga atisayen 'yan sa-kai na garinmu, yana cin dankali yana kallon faranti.

Ga labarin da ke yawo. Wai a cikin sha biyun akwai mace ɗaya da ta ƙi yarda, ta tsaya kai da fata har ranar Juma'a. Wai sauran suka yi mata ca, saboda Asabar ɗin ce wasan ƙarshe na ƙwallon gunduma kuma ba mai son a dawo da shi kotu ranar Litinin. Wai ta fashe da kuka ta ce to. Wani ne ya faɗa a mashayar Burrindale, ya ce daga bakin wani ya ji.

"Kuma an ce ke ce," in ji Glenn.

"Wa ya ce?"

"Kowa. Sun san halinki. Ke da ba kya sayen takalmi sai kin koma shago sau uku."

Na ce masa ya ci abincinsa.

Ba zan rubuta abin da ya faru a ɗakin ba. Abu ɗaya kawai zan ce, kuma ba game da ɗakin ba ne, game da ni ne: ban taɓa yin kuka don a ƙyale ni in tafi kallon ƙwallo ba. Ƙwallon ma ba na so.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Neville Maddern ya zo shago, wan Trevor. Ƙato ne, murya kamar injin niƙa, amma yau a hankali yake magana, da hularsa a hannu. Ya jira layi ya watse.

"Kerryn, 'yar'uwa, ya aiki?"

"Lafiya, Nev. Me za a ba ka?"

"Ba saye na zo ba."

Ya ce lauyoyin Melbourne ba sa cin ciyawa. Za su yi gashin nama na tara kuɗi ranar Asabar, tara ga Nuwamba, a filin ajiye motoci na shagonmu, kamar yadda ake yi wa makaranta da ƙungiyar ƙwallo. Sosej cikin yankan burodi da soyayyar albasa. Con ya ba su filin, don bai taɓa hana kowa ba. Duk 'yan sa-kan gunduma za su fito da rigunansu. Ɗan jarida ma zai zo.

"Kin san ba a gashi a garin nan ba ke," ya ce. "Wa zai yanka albasar? Glenn? Zai yanke yatsunsa ya ba mu mu ci."

Gaskiya ne. Tun kafin in yi aure ni ke yanka albasar kowane gashi a filin nan. Na gobara, na ambaliya, na aikin zuciyar ɗan malamar makaranta. Ni ke tsayawa a ƙarshen tebur da cokali mai yatsu.

Na ce, "Nev, ka san ba zan iya magana a kan shari'ar ba."

Ya ɗaga hannu biyu. "Wa ya ce ki yi magana? Allah ya tsare, so kike a ɗaure mu mu duka? Kada ki ce uffan. Ki ɗaura ƙyallen girkinki ki tsaya inda kika saba tsayawa. Shi ke nan. Mutane suna da ido."

Na ce zan yi tunani. Me ya sa na ce haka? Babu abin tunani. Amma bakina ya saba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Mutane suna da ido. Ita ma matar da ta kai ƙararsa tana da ido.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Yau ba daɗi. Na yini ina tambayar kaina, idan fa lauyan nan yana da gaskiya? Ni wace ce? Sakandare na gama, na shiga sayar da abincin kaji da igiyar shinge. Trevor ɗin nan ya shiga wuta ya fito da tsofaffi biyu a bayan motarsa, duk gunduma ta sani. Yanzu yana cin abinci a farantin roba a bayan ƙarfe, da hannuna a ciki.

Na bi maganar daga farko zuwa ƙarshe a kaina, kamar yadda na yi a lokacin, ina shirya gwangwanayen fenti. Na sake isa inda na isa. Sai na sake farawa, ko na tsallake wani abu.

Mutum zai iya fitar da tsofaffi daga wuta, kuma ya kulle ƙofar rumfa. Hannu ɗaya ne ke yin biyun. Wannan ban koye shi a makaranta ba, kuma ban so sanin sa ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, hutun rana, a cikin mota

Ta zo, matar da ta kai ƙararsa.

Tun shari'ar ban gan ta ba. Na ɗauka ta bar gundumar. Ta aske gashinta, ta sa rigar sanyi mai girma duk da zafin nan. Na hango ta ta gilashi ta tsaya a ƙofa, tana karanta sanarwar gashin da Nev ya manna, mai hoton Trevor yana murmushi. Ta daɗe. Na ce a raina juyawa za ta yi. Sai ta turo ƙofar.

Buhun abincin kaji ta saya. Na faɗi kuɗin, ta miƙo kati. Ta gane ni, babu tantama. Kwanaki ta yi tana kallon fuskokinmu ta allon kotu, mu ma muna kallon tata.

Da injin ya fitar da rasit, ba ta kalle ni ba ta ce, "An ce kin iya yanka albasa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kamar mai cewa za a yi ruwa.

Akwai mutum biyu a bayanta, duka 'yan Burrindale. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "A kai miki buhun mota?"

"Zan iya ɗauka," ta ce. Ta ɗauka kuwa, ta rungume shi a ƙirji ta fita.

A kai miki buhun mota. Tir da ni.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Ban ce wa Nev e ba. Ban ce masa e ba. To me ya kai maganar kunnenta?

Amma ban ce a'a ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na karɓi hutun ranar Laraba. Con ya tambaye ni ko haƙori ne. Na ce Melbourne za ni. Ya cire tabarau ya kalle ni.

"Me za ki je yi, yarinya? Ba a gayyace ki ba."

"Kotu ta kowa ce. In za a ce min marar hankali, gara a faɗa ina zaune."

"Taurin kanki sai ka ce tsohuwar akuyata," ya ce. "Ki tafi da laima."

Laraba, 30 ga Oktoba, cikin jirgin ƙasa na dawowa, wajen la'asar

Zan rubuta tun yana sabo.

Ɗakin ƙarami ne, ya fi wanda muka zauna a ciki shiru. Alƙalai uku a sama, maza biyu da mace ɗaya, kowa da tarin takardu. Babu kujerun sha biyu, babu wurin tsayawar shaida. Ba a kiran kowa. Abin da aka faɗa bara an buga shi a takarda, shi suke karantawa. Trevor yana kan allo daga gidan yari. Ya rame, gashinsa ya yi fari. Na kalle shi sau ɗaya, na tilasta wa kaina in ƙara kallo. Idan zan tsaya a kan abin da na yi, dole in iya ganin abin da ya zama.

Lauyansa ba mugu ba ne. Na so ya zama mugu. Dattijo ne mai taushin murya, yana juya shafi yana lasar yatsa. Ya ce matar ta ce ana ruwa a lokacin, bayanan yanayi kuwa sun nuna ruwan bai sauko ba sai daga baya. Ya ce mako na zagayowa ta dawo atisaye, ta shiga mota ɗaya da shi. Ya ce ta yi wata da watanni kafin ta gaya wa kowa. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, tsaf, sai ya ce duk mai hankali dole ya yi shakka.

Duk mun ji waɗannan bara. Babu sabo ko ɗaya. Amma da aka jera su haka, ba fuska, ba murya, sai suka yi nauyi fiye da yadda na tuna. Ɗaya daga cikin alƙalan ya matsa wa lauyar gwamnati a kan maganar ruwan har ta fara laluben takardu.

Da ya karanta amsar matar a kan dalilin komawarta atisaye, layi ɗaya ne a takarda. Ya karanta ya wuce. Takardar ba ta ɗauki shirun da ya zo kafin layin ba, ko abin da hannuwanta suke yi. Alƙaliyar ta ɗago ta ce masa, ai sha biyun sun gan ta, mu ba mu gan ta ba. Ya ce haka ne, amma gani ba ya sa ruwa ya sauko. Ta rubuta wani abu. Ban san wanda ya ci wannan ba.

Sun ce za su ba da hukunci wata rana. Ba su faɗi yaushe ba.

Ga kuskuren da na tafka. Ina fitowa baranda sai ga Denise, matar Trevor. Ban taɓa magana da ita ba. Ƙaramar mace, idanunta sun yi ja. Ta taho ta rungume ni, ƙamshin hodarta ya cika min hanci.

"Na san za ki zo," ta ce a kunnena. "Allah ya saka miki. Kada ki ce komai, ƙawata, na gane."

Nev yana bayanta yana gyaɗa kai. Ban ture ta ba. Ta yaya ake ture mace mai kuka a barandar kotu?

Na je ne don in tsaya wa hukuncinmu. Na dawo na ba su abin da suke so kyauta.

Alhamis, 31 ga Oktoba, hutun rana

Labari ya riga ni isowa. Wata ta kawo min kek ɗin lemo ta ajiye a kan kantar shago. Na ba Con.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Mun yi da Glenn. A bayan gida, yana share busassun ganye daga magudanar rufi, ni ina riƙe masa tsani.

Na tambaye shi ko zai tsaya a gashin. Ya ce dole, duk ƙungiyoyin za su fito, ba zai zama shi kaɗai ya noƙe ba.

"Dubi ciyawar can, Kez. Dube ta. Nuwamba ce kawai, ta bushe ƙarau. In wuta ta taso daga arewa, motar wa ke fara isowa gidan nan? Ta Burrindale. Su ne mutanen da kike so mu yi gaba da su."

"Wato in ban yanka albasa ba za su bar gidanmu ya ƙone?"

"Ban ce ba. Za su zo. Amma ni ne zan shiga hayaƙi da su, ni zan ba su bayana."

Ya sauko, ya tsaya gabana da ganye a gashinsa. Ya rage murya.

"Ni kaɗai. Ba zai wuce nan ba. Ke ce matar nan da ta ƙi yarda?"

"Ba zan iya ba."

"Haba, Kez. Mijinki ne fa ke tambaya, ba ɗan sanda ba."

"Alƙalin ma miji ya fara ambata."

"To ki taimake ni mana! In ke ce, ki fito ki tsaya, kowa ya huta. In ba ke ba ce, in san abin da zan ce wa mutane."

Na ce masa tambayar ce ba daidai ba. Ya ce wace ce daidai ɗin? Na ce ba wanda ya tambaye ni ko ina nan a kan bakana, kowa so yake ya ji ko na taɓa jinkiri. Ya ce shi bai ga bambanci ba. Na saki tsanin na shiga ciki. Allah ya so, ya riga ya sauko.

Ba zan rubuta abin da ya faru a ɗakin ba. Amma wanda ya daɗe kafin ya yarda da abu, ba shi ne mai saurin sakinsa ba. Wannan a kan takalmi nake magana.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da safe

Ba ma faɗa. Muna miƙa wa juna gishiri.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan tashi aiki

Con ya kira ni ofishinsa, ya ture kyanwa daga kan kujera.

"Asabar ɗin nan na ba ki hutu. Ki tafi wurin ƙanwarki a bakin teku, ki jiƙa ƙafa. Ba ki nan, ba ki yanka ba, ba ki ƙi ba. Kowa ya fahimci abin da ya ga dama."

Na kusa karɓa. Na ji daɗin shawarar har cikin ƙashina. Sai na ga yadda za ta kasance: Nev zai gaya wa ɗan jarida cewa wata tana so ta zo, tsoro ne ya hana ta. Denise za ta ce ta gane. Ita kuma waccan da ta kai ƙara za ta ji an ce.

"Zan zo aiki," na ce. "Ka sa ni a kanta ta gaba, mai kallon fili."

"Za ki kore min masu saye."

"Kai ka ba su filin."

Ya sosa ƙeya. "Na ba kowa filin, Kerryn. Da ita matar da ta kai ƙara ta nema, da na ba ta."

"Wa zai zo nata?"

Ya mayar da kyanwar kan kujera.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na dawo na tarar da buhun albasa a ƙofar gida, da manyan robobi biyu, an wanke su tsaf. Ba a bar wani saƙo ba.

Na ɗauke shi da kaina, ya kusa karya min baya, na sa a bayan motar Glenn yadda ya zo, da ɗinkin bakinsa. Glenn yana kallona ta taga. Bai fito ba, bai kuma sauke shi ba.

Hannuna na ƙaiƙayi. Ban san me ake yi da yammacin Juma'ar gashi ba in ba a yanka albasa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma, a cikin mota

An cika. Ban taɓa ganin filin haka ba. Motocin kashe gobara a jere, yara suna hawa, rediyo na tashi. Glenn yana juya nama, bai kalli shagon ba. Wata budurwa suka sa a wurina, ta yanka albasar manya-manya kamar za a ba doki, rabi ta ƙone rabi ɗanya. Wannan ya dame ni fiye da yadda ya kamata.

Ina kanta ta gaba, gilashi kawai tsakanina da su. Kowa ya gan ni. Da farko ɗaga min hannu ake, ana yafito ni. Ina ɗaga hannu in ci gaba da aiki. Nev ya leƙo sau ɗaya ya ce, "Kerryn, ana kashe mu da albasar nan, ki ji tausayi!" Aka yi dariya. Na ce ina bakin aiki.

Wajen azahar Denise ta shigo. Layi ya kai wurin tayoyin baro, duk da burodi a hannunsu, suka buɗa mata hanya. Tana riƙe da guda ɗaya a naɗe cikin takarda. Ɗan jaridar yana daga bakin ƙofa da kyamararsa a wuya.

Ta ajiye a gabana.

"Na kawo miki, ƙawata, tunda Con ya ɗaure ki a nan. Kyauta ne. Ci da zafinsa."

Ban ji wata mugunta a muryarta ba. Da gaske take. Wannan ne ya fi wuya.

Na ce, "Na gode, Denise. Ba zan ci ba."

Ta yi murmushi. "Kin riga kin ci abinci ke nan."

Ga ƙofa ta buɗe min. E kawai zan ce. Na ji e ɗin ya hau har kan harshena.

"A'a. Yunwa nake ji. Ba zan ci ba ne."

Murmushin bai bar fuskarta nan da nan ba, kamar bai ji labari ba.

"Amma kin zo Melbourne," ta ce.

"Na zo."

"An ce sun matsa miki. An ce ke kaɗai ce..."

"Ba zan yi maganar ɗakin ba, ba yau ba, ba gobe ba. Amma kina kotu ranar, Denise, a layin gaba kike. Da shugabanmu ya faɗi hukunci, akawun kotu ya tambaya a gaban kowa, wannan hukuncin dukanku ne? Aka ce e. Kin ji da kunnenki. Ina cikin dukan. Ina nan a ciki."

Maganar dai ta fita.

Denise ta kalle ni. Ta ce, a hankali, "Ba ki san shi ba."

"Gaskiya ne," na ce. "Shi ya sa aka zaɓe ni."

Ta ɗauki burodin ta fita da shi. Mutum uku ko huɗu suka ajiye kayansu a ƙasa suka bi ta. Dattijon nan mai tumaki yana cikinsu, bai kalle ni ba. Na ga Nev ta gilashi ya jefar da abin juya nama ya nufo ƙofa, Glenn ya sha gabansa, ya sa masa hannu a ƙirji. Ban ji abin da suka ce ba. Nev ya koma. Glenn ya ɗauki abin daga ƙasa, ya goge a wandonsa, ya ci gaba da juya naman. Bai shigo ba, bai tafi ba. Ban san yadda zan karanta wannan ba, kuma yau ba zan gwada ba.

Na gaba a layi wata mata ce da kwalin ƙusa. Ta ce, "Kuna da mai inci uku?" Na ce muna da shi.

Alƙalan nan uku suna iya cewa mun yi kuskure. Aikinsu ne. In sun faɗa zan karanta har shafin ƙarshe, kuma zan sake bin maganar daga farko, na san kaina. Amma su za su faɗa, da sunayensu a ƙasa. Ba ni ba, ba a filin ajiye motoci ba, da cokali a hannu.

Ban san ko matar da ta kai ƙarar za ta ji ba. A garin nan, za ta ji.

Con ya ce in ɗauki hutuna. Ina zaune a mota da burodin da na taho da shi daga gida, da cuku da tumatir. Hayaƙinsu yana shigowa ta taga. Ban rufe tagar ba, ban kuma matsar da motar ba. Tumatir ya faɗo min a cinya. Na ɗauke shi na cinye.